Kwanciyar Jariri a Ciki da Yadda Take Shafar Naƙuda: Jagora ga Mai Juna Biyu da Iyalinta

Mata biyu za su iya shiga ɗakin haihuwa da asuba ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya, nauyin jariransu ma kusan ɗaya, amma ɗaya ta sauka kafin azahar, ɗayar kuma har rana ta faɗi tana kan gwiwa. A gida akan ce ta biyun raki ne ya yi mata yawa, ko kuma zaƙi ne ya tare hanya. Sau da yawa ba ko ɗaya ba ne. Abin da ya bambanta su shi ne yadda jaririn ya kwanta a mahaifa, wato wane sashe na jikinsa ne ya fuskanci ƙofa, ina ƙeyarsa ta dosa, kuma ya sunkuyar da kai ne ko ya ɗaga shi. Wani ɓangare na wannan ana iya gane shi makonni kafin naƙuda, kuma shi ne yake nuna inda ya kamata a haihu da wanda ya kamata ya karɓi haihuwar.

Mataki na farko: a san hanyar da jariri zai bi

Ƙashin ƙugun mace ba zagayayyen rami ba ne. A mashigarsa ta sama ya fi faɗi daga gefe zuwa gefe, kimanin santimita 13, daga gaba zuwa baya kuma kimanin 11. A mafita ta ƙasa lissafin ya juye, faɗin ya koma gaba da baya. Saboda haka kan jariri ba ya saukowa kai tsaye. Yana shiga ne a kaikaice yana kallon gefen uwa, ya sauko, sannan ya juya ya fuskanci bayanta kafin ya fito. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake shigar da gadon amarya ta ƙofar ɗaki, ana karkata shi ana juyawa har ya wuce, ya ga misalin abin.

Shi ma kan ba ƙwallo ba ne, ya fi kama da ƙwai. Idan jariri ya sunkuya har haɓarsa ta taɓa ƙirjinsa, faɗin da zai ratsa ƙugu kimanin santimita 9 da rabi ne. Idan ya ɗan ɗago kai, faɗin ya kai 11 da rabi. Idan kuwa goshi ne a gaba, yana kaiwa 13 da rabi, wanda ya fi ƙarfin ƙugun mace in dai jaririn ya cika wata tara. Kai ɗaya ne, jariri ɗaya ne, amma ɗan bambancin sunkuyawa yana iya raba haihuwa mai sauƙi da wadda ba za ta yiwu ba sai da tiyata. Kwanciyar da ta fi dacewa ita ce kai a ƙasa, haɓa a ƙirji, ƙeya da gadon bayan jariri suna ta gaban cikin uwa, fuskarsa tana kallon bayanta.

Mataki na biyu: a san lokacin da kwanciya take zama abin kula

Kafin wata bakwai babu abin damuwa, domin jariri ƙarami ne kuma ruwan da yake ciki yana da yawa, yana juyawa yadda ya so. A mako na 28 kusan ɗaya cikin jarirai huɗu ko biyar a zaune yake, kansa a sama. Yawancinsu suna juyawa da kansu, har zuwa lokacin da ciki ya cika ya zama uku ko huɗu ne kacal cikin ɗari suke nan a zaune. Don haka idan an yi hoton ciki a wata shida aka ce jariri a zaune yake, kada wannan ya hana mai ciki barci.

Lokacin da ake zuba ido shi ne mako na 36, wato shigar wata na tara. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, kuma biyar daga cikin zuwan suna a watanni uku na ƙarshe: mako na 30, 34, 36, 38 da 40. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne mace ta je awo sau biyu ko uku ta karɓi kati da maganin ƙarin jini, sannan da ciki ya yi nauyi ta daina zuwa, alhali awon ƙarshen nan shi ne wanda ake duba kwanciya a cikinsa. Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ta tafi da katinta, ta ci gaba da awo a asibitin da ke kusa da su.

Akwai matan da ya kamata su fi kowa kiyaye wannan awo: wadda ta haihu sau biyar ko fiye, domin naman cikinta ya saki kuma jariri yana samun filin juyawa, mai tagwaye, wadda aka ce ruwan cikinta ya yi yawa ko ya yi kaɗan, mai ƙari a mahaifa, wadda mabiyiya ta zauna mata a ƙasa ta tare bakin mahaifa, da wadda ta taɓa haihuwar jariri ta ƙafa.

Mataki na uku: a bari a duba, kuma a yi tambaya

Dubawar ba ta buƙatar na'ura. Mai ciki za ta fara yin fitsari, sannan ta kwanta ta ɗan lanƙwasa gwiwoyi. Ungozomar asibiti za ta ɗora tafukan hannunta biyu a saman ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, tana neman abin da ke wurin: ɗuwawu yana da taushi da faɗi, kai kuwa yana da tauri, zagayayye ne, kuma idan an ɗan tura shi yakan kaɗa ya dawo ya taɓa yatsa. Daga nan ta sauko da hannuwan gefe da gefe, gefe ɗaya ta ji santsin gadon baya, ɗayan kuma ta ji ƙulu-ƙulun gwiwoyi da ƙafafu. Sai ta kama abin da ke saman mara da babban yatsa da sauran yatsu don ta tabbatar kai ne, sannan ta juya ta fuskanci ƙafafun mai cikin ta auna ko kan ya shiga ƙugu. Wannan tsari na taɓawa huɗu sunan wani likitan Jamus, Leopold, yake ɗauke da shi tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da shi ake aiki. A ƙarshe takan saurari bugun zuciyar jariri, wanda yawanci ake ji ƙasa da cibiya idan kai yana ƙasa, sama da cibiya kuma idan a zaune yake.

Hannu yana kuskure, musamman ga mace mai jiki ko mai ruwa da yawa. Idan akwai kokwanto, sai a yi hoton ciki, wanda zai nuna kwanciyar da wurin da mabiyiya take da yawan ruwa. Mai ciki ita ma tana iya lura da wasu alamu: shuri a ƙarƙashin haƙarƙari da shaƙuwar jariri a can ƙasa suna nuna kai ya sauka, yayin da abu mai tauri da ya tokare ƙirji tare da shuri a mara yake nuna akasin haka. Alamu ne kawai, ba a yanke hukunci da su.

Abin da aka gani da Turanci ake rubuta shi a kati, kuma yawancin mata sukan naɗe katin su tafi gida ba tare da sun san abin da ke ciki ba. Ya kamata kafin a sauko daga gadon awo a yi tambayoyi uku da Hausa: kai ne a ƙasa? Ya shiga ƙugu? Zan iya haihuwa a wannan asibitin, ko sai babba? Ga mai cikin fari, kai yakan shiga ƙugu makonni kaɗan kafin haihuwa. Ga wadda ta saba, yana iya jira har naƙuda ta fara.

Mataki na huɗu: a gane abin da kowace kwanciya take nufi

*Kai a ƙasa amma ƙeya tana baya.* Wannan ita ce kwanciyar da ta fi yawan wahalar da mata ba tare da an san dalili ba, domin a awo an ce kai yana ƙasa, kowa ya saki jiki. Jaririn ya jingina bayansa da bayan uwa, fuskarsa tana kallon gaba. A haka ba ya sunkuyawa sosai, kan ba ya danna bakin mahaifa daidai, faya takan fashe da wuri, kuma ciwon yakan taru a gadon baya da ƙugu har ma tsakanin naƙuda da naƙuda. Mace takan ji nishi ya zo mata tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba. Abin kwantar da hankali shi ne mafi yawan irin waɗannan jarirai suna juyawa da kansu a cikin naƙuda, sai dai juyin nasu ya fi tsawo, shi ya sa ake daɗewa. Kaɗan ne, ƙasa da ɗaya cikin goma na haihuwa, suke fitowa a haka fuska sama, kuma a nan an fi samun yagewa ko buƙatar ƙari. Idan kan ya tsaya, likita yana iya juya shi da hannu, ko ya taimaka da na'urar zuƙo kai, ko ya yanke shawarar tiyata.

*Jariri a zaune.* Iri uku ne. Mafi yawa shi ne wanda ɗuwawu ke ƙasa, ƙafafu a miƙe sama har kusa da fuska. Akwai wanda ya tanƙwashe ƙafafu kamar mai zaman cin tuwo. Akwai kuma wanda ƙafa ɗaya ko biyu suka riga ɗuwawu saukowa, shi ne mafi haɗari. Matsalar a fili take: a haihuwar da aka saba, kai, wanda shi ne mafi girma, shi ke buɗe hanya, sauran jiki ya biyo a sauƙaƙe. A nan kuwa jiki ne yake fara fita, kai ya zo ƙarshe, a daidai lokacin da cibiya ta riga ta matse tsakaninsa da ƙashi, kuma mintuna kaɗan ake da su. Ƙafa kuma ba ta cika bakin mahaifa yadda kai yake cikawa, don haka cibiya tana iya zamewa ta riga jariri fitowa.

*Jariri a gicciye.* Kai a gefe ɗaya, ɗuwawu a ɗaya gefen, kafaɗa ce a kan ƙofa. Yana faruwa a kimanin ciki ɗaya cikin 300 a lokacin haihuwa, ya fi yawa ga matan da suka haihu da yawa. Cikin yakan yi faɗi maimakon tsawo, saman mara kuma a ji shi fayau. Babu yadda za a yi cikakken jariri ya fito a haka, komai ƙarfin naƙuda da juriyar uwa. Idan kwanciyar tana sauyawa daga awo zuwa awo, likita yana iya kwantar da mace a asibiti tun daga mako na 37, don kada faya ta fashe mata a gida.

*Fuska ko goshi.* Waɗannan ba kasafai ake ganinsu ba, kuma yawanci sai naƙuda ta yi nisa ake gane su. Idan fuska ce kuma haɓa tana ta gaba, ana iya haihuwa lafiya. Idan haɓa ta tsaya ta baya, ko goshi ya ƙi sauyawa, sai tiyata.

*Tagwaye.* Ana duba na farko ne. Idan kansa yana ƙasa ana iya gwada haihuwa a asibiti, domin ƙwararre yana iya gyara kwanciyar na biyu bayan fitowar na farko. Idan na farkon a zaune yake ko a gicciye, yawanci tiyata ake yi.

Mataki na biyar: idan a zaune yake a mako na 36, a nemi a juya shi a asibiti

Mata da yawa ba su san cewa akwai zaɓi tsakanin zaman jira da tiyata ba. Likita yana iya juya jariri ta waje, da hannuwansa a kan ciki, daga mako na 36 ga mai cikin fari, daga mako na 37 ga wadda ta taɓa haihuwa. Za a fara yin hoto a tabbatar da kwanciyar da wurin mabiyiya, a saurari zuciyar jariri, sau da yawa a yi wa uwa allurar da ke sassauta mahaifa. Sai likita ya ɗago ɗuwawun jaririn daga ƙugu da hannu ɗaya, ya bi kansa da ɗaya hannun a hankali, kamar mai sa yaro ya yi alkafura. Abin yana da matsi da rashin daɗi, amma mintuna kaɗan ne, kuma ana dakatawa idan uwa ta ji ciwo mai tsanani ko bugun zuciyar jariri ya sauya. Ana cin nasara a kusan rabin lokuta, kuma wadda ta taɓa haihuwa ta fi samun dacewa. Kimanin mace ɗaya cikin 200 takan buƙaci tiyatar gaggawa bayan juyin, wanda shi ne dalilin da ya sa ba a yin sa sai inda ɗakin tiyata yake a shirye. Macen da rukunin jininta nagetif ne ana yi mata allurar kariya. Ba a yin juyin idan mabiyiya ta tare hanya, ko an ga jini a kwanakin, ko faya ta fashe, ko tagwaye ne.

Wannan ya sha bamban da murzar ciki da ake yi a gida da sunan gyaran kwanciya. Ungozomar gargajiya tana iya zama mai hannu da sanin ya kamata, amma ba ta ganin inda mabiyiya take, ba ta jin zuciyar jariri, kuma idan mabiyiya ta ɓalle a hannunta ba ta da abin yi. Game da durƙuso da goho da ake cewa suna juya jariri, binciken da aka yi bai nuna suna juyawa ba. Ba su da illa ga mai lafiya, amma kada su sa a fasa zuwa asibiti.

Mataki na shida: a zaɓi hanyar haihuwa da wurinta tun kafin naƙuda

Idan jariri ya ƙi juyawa, sai a zauna da likita. A shekarar 2000 an wallafa wani babban bincike da aka jagoranta daga Kanada, wanda ya haɗa mata sama da 2,000 a ƙasashe 26, ya nuna cewa mutuwa ko mummunar jigata ta samu kashi 5 cikin ɗari na jariran da aka shirya haihuwarsu ta ƙasa a zaune, amma kashi 1.6 kacal na waɗanda aka shirya wa tiyata. Tun daga nan asibitoci da yawa a duniya suka karkata ga tiyata, wadda akan tsara ta a mako na 39.

Duk da haka, lissafin mace a ƙauyen Jigawa ko Damagaram ba daidai yake da na mace a Kanada ba. Wadda take sa ran haihuwa shida ko bakwai nan gaba, kuma tsakaninta da asibiti tafiyar sa'o'i ce, tabon da tiyata take bari a mahaifa abu ne da zai bi ta a kowane ciki. Shi ya sa har yanzu ƙwararru suke karɓar haihuwar jariri a zaune idan sharuɗɗa sun cika: ɗuwawu ne a ƙasa ba ƙafa ba, jaririn bai cika girma ba kuma bai yi ƙanƙanta ba, kansa a sunkuye yake, naƙuda tana tafiya daidai, akwai wanda ya saba karɓar irinta, kuma akwai ɗakin tiyata a wurin. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne a san jariri a zaune yake ko a gicciye, sannan a zauna a gida a ce a gwada tukuna. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuma bai kai kashi 20 ba, wato yawancin irin waɗannan jarirai a ɗaki naƙudarsu take farawa.

A nan aikin maigida yake. Kafin wata tara ya tsaya, ya kamata a san asibitin da ke yin tiyata dare da rana, ba ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ba. A ware kuɗi, a yi magana da mai mota a karɓi lambarsa, a tanadi 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Maigida ya kuma faɗa a gaban mahaifiyarsa da sauran mutanen gida cewa ya ba da izini a fita da matarsa ko ba ya nan, domin an sha rasa sa'o'i masu tsada ana jiran mutumin da ya tafi cin kasuwa. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya na Najeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, don haka yana da kyau a tambayi asibiti tun a wurin awo ko yana cikin tsarin da abin da ake buƙata.

Mataki na bakwai: abin da za a yi idan naƙuda ta fara

Wadda aka ce jaririnta a zaune yake ko a gicciye ta tafi asibiti da ciwon farko ko fashewar faya, ko da ranar da aka ba ta ba ta zo ba. Idan faya ta fashe kuma kai bai shiga ƙugu ba, a tafi da ita a kwance.

Wadda kai yake ƙasa kuwa, motsi yana taimakonta. Tafiya, tsayuwa a jingine da bango, durƙuso da kwanciya a gefen hagu duk sun fi kwanciya a rigingine, wadda take sa nauyin mahaifa ya danne manyan jijiyoyin jini. Bincike ya nuna zama a miƙe da zagayawa suna rage tsawon matakin farko na naƙuda da kimanin sa'a guda. Durƙuson da iyayenmu mata suka saba haihuwa a kai, wanda har ya sa ake cewa mace tana kan gwiwa, ba ƙauyanci ba ne. Ga mai ciwon baya saboda ƙeyar jariri tana baya, dafa ƙasa da hannuwa da gwiwoyi yana rage zafin sosai, haka ma idan 'yar rakiya ta danna mata ƙasan baya da tafin hannu a lokacin da ciwon ya taso. A riƙa shan ruwa, a riƙa yin fitsari akai-akai, domin cikakkiyar mafitsara tana tare wa kai hanya. Kada a fara nishi sai ungozoma ta duba ta ce bakin mahaifa ya buɗe santimita 10; nishi kafin lokaci yana kumbura shi ya ƙara jinkiri.

Lokaci kuma yana da iyaka. Daga buɗewar santimita 5 zuwa 10, yawanci ba a wuce sa'o'i 12 a haihuwar fari, ko 10 a ta baya. Nishi kuma ba ya wuce sa'o'i 3 ga mai fari, 2 ga wadda ta saba. Wadda ta kwana ta wuni tana naƙuda a gida ta riga ta wuce wannan iyaka, kuma kunyar haihuwar fari, wadda take sa yarinya ta ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta, tana cikin abubuwan da ke jawo haka.

Abubuwa huɗu ne bai kamata a yi ba ko a wane hali. Kada a yi allurar naƙuda ko a sa ƙwayar naƙuda a gida ko a kemis, domin idan hanya a toshe take, ƙarin ƙarfi mahaifa zai fasa. Kada a danna saman ciki don a turo jariri. Kada a ja ƙafa ko hannun da ya leƙo, domin jan jaririn da ya zo a zaune yana sa hannuwansa su ɗaga sama, kansa ya tanƙware baya ya maƙale. Kada kuma a yi yankan gishiri: abin da ya tare jariri ƙashi ne ba tsoka ba, aska ba ta isa wurin, sai dai ta huda mafitsara.

Mataki na takwas: alamomin da ba a jira da su

Idan cibiya ta leƙo, jinin da ke zuwa wa jariri ne yake shirin yankewa. Mace ta durƙusa ta kai ƙirji ƙasa ta ɗaga ɗuwawu sama, kamar mai sujada, don nauyin jariri ya sauka daga kan cibiyar. Kada a mayar da ita ciki, kada a yi ta taɓa ta. A cikin mota a kwantar da matar a gefen hagu, a tara matasai ƙarƙashin ƙugunta, a kuma kira asibiti tun ana hanya.

Idan hannu ya fito, kusan koyaushe jariri a gicciye yake, kuma tiyata ce kaɗai mafita. Sauran alamomin naƙudar da ta toshe su ne: mace ta kasa fitsari ko ta yi shi da jini, gabanta ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, ruwan da ke fita ya yi wari ko ya zama kore, cikin kuma ya tsuke a tsakiya ya yi siffar kalangu. Mafi muni ita ce naƙuda mai tsanani ta ɗauke farat ɗaya, mace ta yi sanyi tana gumi tana neman suma. Masu jinya sukan ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali sau da yawa mahaifa ce ta fashe.

Ko an tsira da rai, kan da ya daɗe a maƙale yana matse mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Wannan shi ne asalin mafi yawan yoyon fitsari da ake gyarawa a cibiyar Babbar Ruga ta Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana aiki, da cibiyar Laure a Asibitin Murtala na Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi.

Mataki na tara: bayan an sauka

Jaririn da ya daɗe a hanya yakan fito da kai a tsawaice ko da kumburi a gefe ɗaya, wanda ya zo da fuska kuma fuskarsa takan kumbura. Duk suna komawa daidai cikin 'yan kwanaki, ba sai an matsa kan ko an gasa shi don a gyara ba. Wanda ya zauna a zaune har ƙarshen ciki, ko ta tiyata aka ciro shi, yakan riƙa ɗaga ƙafafu sama na 'yan kwanaki, kuma yana buƙatar a duba gaɓar ƙugunsa, domin irinsu sun fi samun gocewar wannan gaɓa, wadda ake gyara ta cikin sauƙi idan an gano ta a makonnin farko. Idan an lura hannu ɗaya ba ya motsi kamar ɗan'uwansa, a nuna wa likita kafin a bar asibiti.

Uwar da ta yi doguwar naƙuda za a iya barin mata robar fitsari na wasu kwanaki don mafitsara ta huta, kuma kada ta matsa a cire kafin lokacin da aka ce. Idan ta ga fitsari yana zuba ba tare da ta ji ba, ta koma asibiti a makon, domin ƙaramin rami yana iya rufewa da robar kaɗai idan an sa ta da wuri. Wadda aka yi wa tiyata ta tambayi dalilin da irin yankan da aka yi wa mahaifa, a rubuta mata a takardar sallama ta adana. Idan kwanciyar jariri ce kaɗai dalili kuma yankan na kwance ne a ƙasan mahaifa, tana da kyakkyawar damar haihuwa da kanta a ciki na gaba, muddin ta ba da tazarar aƙalla shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ta fara awo da wuri, kuma ta yi naƙudar a asibitin da ke da ɗakin tiyata.